Dabino Mai Gida Biyu

Nakkasa, Makka
Watan Rajab

Zuwa ga Yayata Mairama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Kano. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya. Yaya Awwalu da matarsa Haifa suna gaishe ki.

Kin yi ƙorafin ba na aiko miki da saƙon murya. Yaya, kin manta gidanmu ne? In na yi tari a ɗakina, Haifa ce ke yi min sannu daga kicin. Abin da ke raina kuwa ba na kunnen bango ba ne, shi ya sa na koma takarda, zan ba 'yan Umara su kawo miki.

Kada ki yi min dariya: fim ne ya hana ni sukuni. Suhaila 'yar Yaya Awwalu, wadda kika bari tana rarrafe, yanzu budurwa ce 'yar jami'a, ita ta jingina min wayarta a jikin keken ɗinki ta ce in kalla. Ɗan ƙaramin fim ne na Turawa da fassarar Larabci a ƙasa. Ba bindiga, ba mugu, ba wanda ya mutu. Wata mata ce mai ɗan kare fari kamar curin auduga, da wani mutum mai ƙaton kare kamar maraƙi. Suna yawo da su a wani lambu, igiyoyin suka harɗe, garin warwarewa suka yi karo da goshi. Labarin ke nan fa, sauran duk kame-kame ne da jin kunya da shan shayi.

Da farko tsaki na yi ta ja. Kare yana lasar fuskar mace tana ƙyalƙyala dariya! Na ce wa Suhaila ko ƙasar Makka duka aka kwaso ba za ta tsarkake gidan nan ba. Amma wallahi kafin a kai rabi na ajiye abayar da nake ɗinkawa. Matar ba yarinya ba ce, Yaya. Akwai furfura a gefen kanta, ta taɓa aure, kuma ba wanda ya ce lokacinta ya wuce. Ta gane halin mutumin tun bai buɗe baki ba, daga yadda ya durƙusa ya cire wa karensa ƙaya. Tun rasuwar mijina Nasir ban ji abu ya motsa min zuciya haka ba.

Yanzu mafarkin ciyawa nake yi. In na leƙa taga na ga baƙaƙen duwatsunmu, sai in ga kamar an shimfiɗa musu kore tun daga ƙofarmu har gindin tudu, ana yayyafi, ni kuma ina tafiya a hankali da igiya a hannu.

To ni ba ni da kare, Allah ya kiyaye, amma ina da Dabino, kyanwar da ta haihu a ƙarƙashin kekena bara. Na daɗe da lura takan ɓace ta dawo tana ƙamshin hayaƙin tsire. Ashe munafukar gida biyu gare ta. Na gano ɗayan: wani Jibril ne da ke sama da mu a kan tudu shi da mahaifiyarsa, yana gasa tsire a titin Mansur, matarsa ta rasu. Ta taga nake ganinsa in zai sauka bayan la'asar. Yakan durƙusa a matakala ya ba ta nama, kuma sai ya wanke yajin da ruwan gorarsa tukuna. Ustaz yake kiranta, bawan Allah bai san mace ce ba.

Labari mara daɗi kuma: jan fenti ya iso layinmu. An rubuta izala a bangonmu, wato rusau. Yaya Awwalu ya samo mana haya a Ka'akiyya, kowa na unguwar nan zai kama gabansa.

Ki gaishe min da kowa.

Taki ƙanwa,
Minnatullah

Nakkasa, Makka
Farkon Sha'aban

Yaya Mairama,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fata zazzaɓin autarki ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Na tafka abin kunya, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Tunda rusau ya matso, na ce in ban motsa ba za mu watse, mutumin nan bai ma san akwai ni a duniya ba. Sai na tuna igiyar fim. Na yanki ragowar baƙin yadi na ɗinka 'yar igiya, har da ado na yi mata da zare ruwan zinariya, kin ji rashin aikin yi. Bayan la'asar na sa abaya da niƙabi, na ɗaura wa Dabino, na fito da ita matakala wai muna shan iska.

Yaya, kyanwa ba kare ba ce. Ta yi taku ɗaya ta zube a ƙasa kamar an zare mata ƙashi. Na ja, ta biyo ni a kwance tana share wa unguwa matakala. Mata suka cika tagogi. Wata tsohuwa ta tambaye ni da Larabci ko bissar, wato kyanwar, ta yi laifi ne zan kai ta wurin hukuma. Can Dabino ta tuna tana da farce, ta yi tsalle ta nannaɗe igiyar a ƙafata da ƙarfen matakala, na kai hannu, ta tsarga min bayan hannun dama tun daga wuyan hannu har gindin yatsa.

A haka ya same mu. Ya yi sallama, ya ajiye kayansa, ya durƙusa yana warware igiyar yana lallashin Ustaz ɗinsa. Kin san mutumin kirki, idonsa na ƙasa, ko sau ɗaya bai ɗago ba. Abin da ke ƙasan kuwa hannuna ne yana zubar da jini. Ya miƙo gorarsa ya zuba min ruwa a kan ciwon, ya ce in sa magani kada ya kumbura. Ko godiya ban tsaya yi ba. Na shige gida da gudu na bar masa kyanwar da igiyar.

A fim goshi suka haɗa suka yi dariya. Ni jini na zubar, unguwa ta yi dariya. Amma in gaya miki gaskiya, ban ji haushi ba. Ruwan gorar nan ɗumi ne, rana ta dafa shi, har yanzu in na rufe ido ina jin saukarsa. Ina son mutumin nan, Yaya. Ga shi na rubuta.

Haifa ta ɗauka almakashi ne ya yanke ni, na bar ta a haka.

Taki,
Minnatullah

Nakkasa, Makka
Tsakiyar Sha'aban

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a jagule yake.

Ranar Alhamis aka aiko cewa Hajja Jannatu, mahaifiyar Jibril, za ta zo shan gahawa. Kin san ma'anar wannan a nan: tsohuwa mai ɗa namiji ba ta zuwa shan gahawa don ƙishirwa. Gida ya ɗauki murna. Haifa ta hau gyaran Suhaila, aka turara falo, ni kuma aka ce in tsaya a kicin tunda gahawata ta fi ta kowa. Ba da mugunta ba, wallahi. Haifa tana ƙaunata. Kawai dai in an ce an zo ganin mace a gidan nan, ba wanda tunaninsa zai biyo ta kaina, har ni ma ban musa ba. Na daka hel, kayan ƙamshin gahawa, na dafa, na miƙa butar ta bayan labule.

Kamar yadda aka saba, yarinyar da aka zo gani ita ke zubawa. Bayan baƙuwa ta tafi Haifa ta shigo kicin tana mamaki. Ta ce tsohuwar nan ko fuskar Suhaila ba ta kalla ba, hannunta ta ƙura wa ido, har ta kama ta juya bayansa kamar mai zaɓen tumatir. Ta leƙa hannun Haifa ma. Ta tambayi Suhaila ko tana son kyanwa, ita kuwa ta ce atishawa suke sa ta. Daga nan ta tambaya ko akwai wata 'ya a gidan, Haifa ta ce 'yarsu ɗaya ce tilo. Tsohuwa ta girgiza finjalinta alamar ta ƙoshi, ta yi addu'a ta tafi, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Ina tsaye da tawul a hannu, tabon yana kallona. Ni aka zo nema, Yaya. Abin da ya sani nawa ke nan, ƙofar gida da bayan hannu, shi ya kwatanta wa uwarsa. Haifa kuma ba ta yi ƙarya ba, 'ya ɗaya ce a gidan. Ni ba 'ya ba, ba matar gida ba, mai dafa gahawa ce a bayan labule.

Suhaila har rawa ta taka don daɗi, ta ce dama me za ta yi da sa'an babanta mai warin hayaƙi. Na buɗe baki in ce ni ce, kunya ta rufe min shi. Bazawara ta tashi a gaban matar wanta ta ce ita ake so? Na kasa.

Jibi motar kaya za ta zo. Yaya Awwalu ya ce mai sabon gidan bai yarda da dabba ba. Dabino ma tun ranar igiya ta yi fushi da ni, ta tare can sama. Na sake karɓar wayar Suhaila na kalli fim ɗin, wannan karon da kuka. Su in sun rabu sun san gobe kare zai sake jan su zuwa lambu ɗaya. Mu lambun namu za a rushe.

Ki sa ni a addu'a.

Minnatullah

Ka'akiyya, Makka
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Yaya Malam da yara? Wasiƙarki ta iso, na kuma ji faɗan da kika yi min na cewa zurfin ciki zai kashe ni. Na karɓa.

Azumin bana a sabon gida na yi shi kamar baƙuwa. Gidan ba laifi, sai dai tagata bangon maƙwabta take kallo. Layinmu na Nakkasa an ce ya zama fili. Ban san inda Jibril ya koma ba, amma na yi ta tunanin abu ɗaya: gida aka rushe, titin Mansur yana nan.

Fim ɗin nan fa, da na ƙara kallonsa na lura da abin da ya wuce ni da farko. A ƙarshe karen bai ja matar ko'ina ba, barci ma yake yi. Ita ta sa takalminta ta tafi wurin mutumin.

Ana saura kwanaki Sallah na ce wa Haifa tsire nake marmari a buɗa-baki, kuma da kaina zan sayo tunda zan biya sayen zare. Na isa Mansur bayan la'asar, titi ya cika maƙil, hayaƙi ko'ina, masu fura da masu ƙosai ana ta ciniki da Hausa da Larabci. Na kutsa cikin jama'a. Na hango shi yana juya nama, ga Dabino a ƙarƙashin teburinsa ta yi ƙiba, ko kallo ban ishe ta ba, butulu. Na nuna abin da nake so da yatsa. Ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya naɗe, idonsa na ƙasa kamar kullum. Da ya miƙo, na cire safar hannuna na karɓa da dama, na bar bayan hannun a sama.

Yaya, bai saki ƙunshin ba. Ni na riƙe gefe, shi ya riƙe gefe, nama na ƙonewa a bayansa har maƙwabcinsa ya yi masa magana. Can ya tambaya a hankali, yana kallon teburi, ina mutanen gidan Awwalu suka koma. Na ce Ka'akiyya, bayan masallacin da ke kusa da gidan burodi. Na ƙara da cewa Awwalu yana da ƙanwa. Ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba.

Jiya Hajja Jannatu ta zo, da kwalin dabino a hannu, kwalin yana motsi yana kukan kyanwa. Haifa ta rikice ta fara ƙwala wa Suhaila kira. Tsohuwa ta ce a bar yarinya ta huta, ita wancan karon gahawar ta yi mata daɗi, so take wadda ta dafa ta zo ta zuba mata da kanta.

Na fito da buta a hagu, finjali a dama. Na zuba na miƙa. Ba ta karɓi finjalin ba, hannuna ta kama, ta bi tabon da babban yatsanta tun daga farko har ƙarshe, ta ce ashe a bayan labule aka ɓoye ni. Haifa ta dafe ƙirji, ta dube ni, ta dubi hannun, sai ta fashe da kuka ta rungume ni tana cewa in yafe mata, ita ta ɗauka almakashi ne. Gahawar nan har ta huce ba wanda ya sha.

Maza za su zo wurin Yaya Awwalu ranar Juma'a. Ki fara shirin Umara, ba zan yarda a yi ba ke ba. Sharaɗi ɗaya na ce a kai wa Jibril: ya daina kiran kyanwata Ustaz, don wannan ƙibar da yake taƙama shi ya yi mata, ciki ne.

Ki gaishe da Malam da yara, Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa mai farin ciki,
Minnatullah