Jikata za ta hau dutsen Rinjani, na ƙi shafa mata ja a goshi

Assalamu alaikum, Hajiya Murniati. Don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina, kuma ni ba mutum ne mai saurin faɗin haka ba.

Ban yi makaranta ba. Maƙwabcina Amaq Dulatip (Amaq shi ne baba a harshenmu), tela, shi yake karanta mini filinki na ba da shawara in ya tashi daga kan keke, shi ne kuma yake rubuta wannan. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya rage mini magana kamar ƙafar wando. Ba zan sa sunana ba, ko da yake duk wanda ya san ɗana Mahrip ya san ni, tunda da sunansa ake kirana har yau.

Ni ɗan dakon masu hawa dutse ne, ko in ce dā can. Tun gemu bai fito mini ba nake saɓa gora a kafaɗa, kwando gaba kwando baya: tantin baƙi, shinkafarsu, tukunya, abarba, har da 'yar kujerar da za su zauna su kalli faɗuwar rana. Mu da silifa, su da takalma kamar na soja, amma mu riga su isa bakin ramin dutsen, mu kafa tanti, mu soya ayaba, su iso suna haki suna ɗaukar mu hoto. Washegari mu gangara tafkin da ke cikin ramin, su shiga ruwan zafi suna ihun daɗi, mu kama kifi, mu yi ta faɗa da birai a kan kwanduna. A haka na tsufa. Yanzu gwiwoyina sun ajiye aiki, ko masallaci sai da sanda.

Abu biyu suka rage mini. Na farko mutane. Duk wanda dutsen nan ya riƙe daga garinmu na san sunansa, da na ubansa, da inda ya faɗi, da abin da yake ɗauke da shi ranar. Yaran yanzu da lamba suke kiran wuraren hutawa, ni da mutane nake kiransu. Na biyu shi ne sembek. Tun kakana gidanmu ne yake yi. Mai hawa ya zo da safe, in tauna ganyen sirih da pinang, wani irin goro namu, da 'yar farar ƙasa har ya yi ja, in yi bismillah, in kira sunansa, in dangwala masa da babban yatsa a goshi, don dutsen ya san da sallama ya zo. Tsofaffin 'yan dako ba sa tafiya ayari ɗaya da wanda ba a shafa wa ba. Ko Bature ne sai ya sunkuyo mini.

Mahrip ɗana na fari ne. Safiyar da ya tafi ni na shafa masa, ban rage komai ba. Har tsiya ya yi mini, wai “Amaq, ka cika da yawa, baƙi za su ce jifana aka yi.” A gangaren tafki ruwa ya same su, hazo ya rufe, wata baƙuwa ƙafafunta suka ƙi, ya karɓi jakarta ya ɗora a kan kayansa. Dutsen wurin santsi gare shi in ya jiƙe. Abokan tafiyarsa suka sauko da shi a kan gorar dakonsa. Hajiya, jan yana nan a goshinsa. Duk ruwan nan bai wanke shi ba. Ni na wanke shi da hannuna wajen wankan gawa, kuma sai da na goga.

Ya bar 'ya, Sahnim, tana goye. Ni da uwarta muka raine ta. Ta yi karatu, Turanci a bakinta kamar a can aka haife ta, ta daɗe tana kai baƙi mata wajen magangarar ruwa da gonakin kofi. Yanzu wai za ta zama ja-gora ta gaske, ta bi ayari a koya mata hanyar sama da ta tafki, da zarar damina ta ɗauke an buɗe hanya. Kada ki ce don mace ce na ƙi. Kakarta, Allah ya jiƙanta, da ciki ta je tafkin nan wankan ruwan zafi, ta dawo tana yi mini gori. Kuma yarinyar ƙafar ubanta gare ta, in tana hawan tudun bayan gida sai in kau da kai.

Ta zo mini yadda ake zuwa, da ganye a ɗan kwando, ta durƙusa, ta ce tana so in sani tun da wuri. Na ce mata ganye ya ƙare. Ta ce, “Papuq, kakana, ga shi a hannuna.” Na ce to haƙora ne suka ƙare. Ta ce, “Da na aro ka tauna wa 'ya'yan Amaq Nursim bara?” Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ba ta tashi ba. Ta ce, “Su 'ya'yan wasu ba 'ya'ya ba ne? In abin yana tsarewa, ka tsare ni. In ba ya tsarewa, me kake shafa wa mutane?”

Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci. Tun rasuwar Mahrip ban fasa shafa wa kowa ba, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, sai da yarinyar da na goya ta tambaye ni. Sai na daka mata tsawa.

Na aika mata ta bakin uwarta cewa akwai wani dattijo mai yin sembek a garin Bayan, ta je can. Ta ce ko yatsana ko ta hau haka nan. Taurin kai, ban san inda ta gado shi ba. Dulatip yana dariya, na ce ya rubuta kawai. To, Amaq Nursim, shi ne shugaban ayarin tsofaffi, abokin ubanta ne, yana cikin waɗanda suka ɗauko shi. Ya ce zai ɗauke ta da hannu biyu, amma ba zai karya al'ada a kan jikar mai al'adar ba. Na yi murna, na ce shi ke nan ta zauna. Ashe akwai wasu samari masu sabon kamfani da ba ruwansu da goshin kowa, sun ce ta zo. Na san yaran nan. A waya suke duba ko za a yi ruwa. Tanti suke kafawa ta gefen da iska take bugowa, don wai nan hoto ya fi kyau. Ba mugaye ba ne, dutsen ne bai taɓa tsoratar da su ba tukuna.

Gidan ya yi shiru. Uwar yarinyar, Inaq Sahnim, takan ajiye mini shinkafa ta juya. Yarinyar tana gaishe ni kamar baƙo, tana shanya jakarta a inda zan gani. Dulatip ya ce na zama ƙaramin dutsen wutar da ke tsakiyar tafki, hayaƙi kawai nake yi ba na magana.

Na san rai na Allah ne. Ya karɓi ɗa, ban yi musu ba. Amma yatsan nawa ne. In na shafa mata, ni na aike ta. In na ɗaga hannun nan zuwa goshinta, fuskar ubanta zan gani a kwance. Ruwa ya fara tsagaitawa, ana gyaran kwanduna a kowane gida. Ki gaya mini abin da zan yi, ko da yake ban yi alkawarin zan bi ba.

Tsohon ɗan dako, daga gindin dutse.

*

Wa alaikumus salam, Papuq. Allah ya jiƙan Mahrip, ya haskaka kabarinsa, kai kuma ya ba ka ladan haƙurin da ka daɗe kana yi kai kaɗai.

Ba zan ce tsoronka ba shi da tushe ba. Ka fi ni sanin gangaren nan, kuma ba ni da ikon yi maka alkawarin cewa duk wanda ya hau zai sauko. Uban da ya wanke goshin ɗansa da hannunsa, babu mai ce masa ya cika fargaba.

Amma ka duba abin da ke gabanka da kyau. Kana ganin zaɓinka shi ne ta hau ko ta zauna. Wannan ya wuce, ta riga ta yanke, kuma ba yarinya ba ce. Abin da ya rage a hannunka shi ne da wa za ta hau. Ƙin da ka yi bai rufe mata dutsen ba, ayarin Amaq Nursim kaɗai ya rufe mata, wato mutanen da suka fi kowa iya dawo maka da ita. Kai da bakinka ka faɗi inda samarin nan suke kafa tanti. Yau ɗin nan, ƙinka can yake tura ta.

Sai tambayarta, wadda ta hana ka cin abinci. Ni ba malama ba ce, amma ga yadda na gani. Babu jan da ke tare ajali, kuma ban yi zaton kakanka ya taɓa cewa yana tarewa ba. Addu'a ce da ake yi da hannu. Kuma ka tuna abin da ke faruwa a wannan safiyar: duk mai hawa sai ya tsaya a gaban wanda ya san dutsen, a kalli idonsa, a kalli ƙafarsa da nauyin kayansa, a kira sunansa a gaban abokan tafiya, su ji cewa amanarsu ne. Mahrip ya faɗi, amma ba a bar shi a can ba, kafaɗun mutanen nan ne suka kawo maka shi gida. Ba ka yaudari kowa ba a duk shekarun nan, Papuq. Ba kai ka aike shi ba, rakiya ka yi masa.

Ita ma Sahnim tana da nata. Ta matsa maka a inda ya fi ciwo, kuma cewa ko yatsanka ko ta hau haka nan, ɗora maka nauyi ne. Amma ka lura, da izini kawai take nema da tuni ta tafi Bayan. Ba ta san ubanta ba. Abin da ya samu daga hannunka take so ita ma ta samu.

Ga abin da nake ba ka shawara. Fara da Inaq Sahnim. Ita ce ta rasa miji a gangaren nan, ita ce za ta zauna jiran 'yarta, kuma a wasiƙarka duka ban ji an tambaye ta ra'ayinta ba. Sannan ka kira Amaq Nursim ku zauna ku uku da yarinyar, ka sa sharuɗɗanka a fili: wannan shekarar ayarinsa kaɗai za ta bi, ba za ta ɗauki jakar baƙo a gangare ba ko da baƙon yana kuka, in Nursim ya ce a juya to a juya. Ja-gora ce za ta zama, za ta gane cewa wannan ilimi ne, ba takurawa ba. Mutanen nan da ke cikin kanka, ka fara gaya mata su wuri bayan wuri, da abin da ya kayar da kowanne. Har da ubanta. Ta san ainihin inda za ta rage sauri.

Kuma ka daina cewa ganye ya ƙare. Ka ce mata, ina jin tsoro. Ba za ta raina ka ba.

In safiyar ta zo hannunka ya ƙi ɗaguwa, ba laifi ba ne. Ka tauna ganyen, ka kira sunanta, ka bar ta ta kama yatsan ta kai goshinta da kanta. Yatsanka ne dai. In ma hakan ya gagara, to aƙalla ka je wurin Nursim da sandarka ka ce ka yafe musu sharaɗin a kanta, su tafi da ita. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka yi shiru har a buɗe hanya.

Kwanakin da za ta yi a sama za su yi maka tsawo, ba ni da maganin wannan. Ka ci abinci, ka zauna kusa da uwarta, ku jira tare. In ta sauko, in sha Allahu, za ta zo da ƙafafu a kumbure da baki cike da labari, za ta ce maka hanya kaza ta canza, bishiya kaza ta faɗi, ruwan wuri kaza ya ƙafe. Za ka so ka ce ƙarya ne. Ka bari ta kai ƙarshe, Papuq, domin daga ranar ita ce ta ga dutsen bayanka.

Allah ya kai ta lafiya, ya sauko maka da ita lafiya, ya sanyaya zuciyarka.

Hajiya Murniati