An Mayar wa Mota Ɗakinta

Los Angeles, 9 ga Maris

Zuwa ga matata Marisela,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ya 'yarmu Lupita? Ni lafiyata ƙalau, aiki ma sai godiya.

Sai dai ku dakata da zuwan nan. Garejin ajiye motar da na gyara mana ya zama ɗaki, ma'aikacin hukuma ya zo ya ce dole a mayar da shi yadda yake, wai doka ta wajabta wa kowane gida wurin ajiye mota biyu.

Tsohuwa mai gidan da garejin yake, Doña Chayo, ta ce masa, "Ɗan nan, ni ko keke ban da shi. Motar wa za ta kwana ciki?"

Ya ce, "Iya, ba ni na rubuta dokar ba."

Da hannuna na cire murhu da ƙofa. Sababbin gidaje kuwa rabin filinsu na motoci ne, hayarsu ta fi ƙarfina. Yanzu a shagon da nake aiki nake kwana. Ba laifi, akwai rufi.

Kada ki gaya wa Lupita tukuna. In ta tambayi labarin bangonta na ɗakin, ki ce na shafa masa shuɗin fenti yadda ta roƙa. Ba ƙarya kika yi ba.

Allah ya tsare min ku.

Mijinki,
Efraín