Gawo Tamanin da Huɗu da Anka Kashe a Takarda

Daga: Mushe Aƙilu Manzo, malamin ilimin halittu, mai kula da Ƙungiyar Muhalli ta ƴan lise, wato babbar sakandare, Ibohamane, gundumar Keita.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin shirin «Lakwal Cikin Daji», wato makaranta cikin daji, Tawa.

Ranar Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024.

Game da: Cire ɗalibaina ashirin daga tafiyar Gandun Dajin Gadabeji, bisa rahoton da ya ce itatuwanmu sun mutu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatan bironka, ina neman izinin gabatar da kukana.

Ƙa'idar shirinku ta ce duk ƙungiyar ƴan lise da ta raya filin da anka ba ta, za a kai ta gandun daji kwana biyar a hutun Disamba, ta yi karatu a fili, ta ga raƙumin dawa ido da ido. Filinmu yana bakin kwari. Shekara shida ke nan ɗalibai suna sassaben zamani a cikinsa, wato kututturen da ya tsiro da kansa ake rage wa rassa, a tsare shi daga awaki har ya zama icce. Yau muna da gawo tamanin da huɗu, kowanne ya fi ni tsawo, kowanne da lambarsa da jan fenti.

1. Ranar Talata, 20 ga Agusta, wakilin kwamitinku ya zo duba filin, tsakiyar babban hutu, ba tare da sanar da kowa ba. Baba Ɗangana kaɗai ya tarar, manomin da gonarsa ke jikin filinmu. Baba ya shaida mini cewa wakilin bai sauka daga mota ba saboda taɓo. Gilashi ya sauke, ya ɗauki hoto uku da waya. Da Baba ya matso zai yi masa bayani, sai wakilin ya ce yana sauri ya kai Buza kafin kwari ya kawo ruwa. Ban ga laifin mai son takalminsa ba, ni ma ina son nawa.

2. Rahoton da ya iso mana ranar 7 ga Oktoba ya ce: «Itatuwa 84, duk sun bushe, babu ganye ko ɗaya.» Ranka ya daɗe, da dukan ladabi, gawo ne. Gawo da damina yake zubar da ganye, idan ruwa ya ɗauke ya yi kore. Shi ya sa manomi ke barinsa tsakiyar hatsi, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Babu makiyayin da bai san wannan ba daga nan har Allakaye. Da na karanta wa Baba Ɗangana rahoton, dariya ya yi har sai da ya dafa katanga, ya ce in haka ne gawon gonarsa ya mutu sau sittin a gabansa.

3. Na rubuto wasiƙa ranar 9 ga Oktoba, na sake ranar 23, shiru kake ji. Na taka da kaina zuwa Tawa, sakatare ya karɓe ni hannu biyu, har da shayi, amma ya ce rahoton da anka buga wa hatimi ba ya tashi. To, itatuwan dai sun tashi.

4. Wannan shi ya fi ci mini rai. Shugabar ƙungiyar, Fiddausiya Abdulkadir, tana ajin tarminal, wato na ƙarshe, bana za ta yi jarrabawar bak ta bar mu. Shekara uku tana fitowa kowace Asabar da adda, ƙayar gawo ta zane mata hannuwa. Ba ta taɓa wuce Madawa ba. Sai da na yi sawu uku gidansu kafin mahaifinta ya yarda da tafiyar, ya sa hannu. Ranar da na faɗa wa ɗalibai an cire mu, samarin sun yi ta surutu. Asabar ta zagayo, na tarar Fiddausiya ta riga kowa zuwa filin da addarta. Wallahi kunya ta kama ni. Ni na koya musu cewa wanda ya kula da icce ba ya hasara, yanzu ban san da wane ido zan maimaita musu ba.

Saboda haka ina roƙon Mai girma Shugaba, da ƙanƙan da kai:

a) a turo mai dubawa kafin Juma'a, 29 ga Nuwamba, ranar rufe jerin sunaye. Hanya ta bushe, babu taɓo, ana iya sauka daga mota;

b) a janye rahoton, a maida sunayen ɗalibaina ashirin.

Ba na neman a hukunta wakilin. In ya yarda ma shi za a sake turowa, ɗalibaina a shirye suke su zagaya da shi, za mu shimfiɗa masa tabarma a inuwar mamatan.

A cikin ambulan ɗin nan za ka tarar da ɗan reshe. Fiddausiya ta yanko shi da safen nan daga gawo mai lamba 47, wanda rahotonku ya ce ya bushe. Ta roƙi in gargaɗe ka da ƙayar, kuma ka buɗe da wuri, tun ganyen bai yanƙwane ba a sake cewa ya mutu.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Naka mai biyayya,

Aƙilu Manzo