Kazar Gilashin Mama

Ƙanena Delbert,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Mama tana nan a gidan kula da tsofaffi, jiki sai a hankali. Jiya da sunan ƙanwarta ta kira ni. Amma ba ta manta farar kazar gilashin nan ba, mai kwance a kan kwando, wadda Babanmu Virgil ya zuba da hannunsa kafin a rufe masana'antar gilashin da yake aiki. Ka tuna a ciki take ɓoye mana alewa. Kullum sai ta tambaye ta. Kai ka ɗauke ta ranar da muka kwashe kayan gida. Don Allah ka aiko.

Yayarka,
Arlene

Yaya Arlene,

Muna amsawa. Ga kaza nan a kwali. Sabon zubi ce, amma irinta ce sak, a kanti na samo. Ta Baba tana kabad. Kin san yadda hannun Mama yake rawa, in ta faɗi shi ke nan, babu wata. Matar da ba ta gane 'yarta ba, kaza za ta gane? Ki gaida ta.

Delbert

Delbert,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Na kai mata. Ta karɓa tana murmushi, ta cire murfin ta ɗaga shi saitin taga, yadda Baba yake nuna mana. Ka san tsohon gilashi, in rana ta ratsa bakinsa sai ya yi ja kamar garwashi. Wannan fari fat.

Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce, "Baiwar Allah, wutar Virgil ta mutu. Ko idona ne?"

Na ce gajimare ne, Mama.

Yanzu kowace safiya sai ta ɗaga shi tana jiran rana, ni kuma ina ta ƙaryar gajimare. Na gaji. Ka kawo ta Baba.

Arlene

Yaya,

Ki yi haƙuri. Ba zan ba masu gidan waya ita ba, su fasa. Da kaina zan kawo ta lokacin Kirsimeti, in aiki ya yi sauƙi. A gaida Mama.

Delbert

Ƙanena,

Mama ta rasu ranar Talata da hantsi, jana'iza Asabar. Ka bar kazar Baba a kabad. Wadda ka aiko tana nan lafiya lau, ko tsagewa ba ta yi ba. Hannun Mama bai taɓa sakinta ba.

Allah ya kiyaye hanya.

Arlene