Darasin Gaida Soja

Zuwa ga ƙanena Sama'ila, autan gidanmu, a can bakin daga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka, ina sanar da kai cewa mu nan Birnin Gwari muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na rubuto maka a nan shafinka inda kowa zai gani ne saboda wayarka kullum a kashe take, amma na lura ba ka rasa sabis ɗin ɗora hoto. A ƙarƙashin hoton ne ma na karanta wai za ka zo hutu bayan girbi, da kakinka tsaf, don 'yarka Walida ta ga ubanta soja. Auta, nemi wuri ka zauna, akwai abin da ba ka sani ba.

Walida tsoron kaki take yi. Ba ita kaɗai ba, rabin 'yan ajina haka suke. Ka san 'yan aji ɗaya nake koyarwa, kuma yanzu ajin ya cika da yaran da iyayensu suka taso daga Kakangi da ƙauyukan gefen daji. 'Yan bindigar dajin da suka koro su da kaki suka zo, irin naka, har da hula. Walida ba ta gani da idonta ba, amma benci ɗaya take zama da waɗanda suka gani. Da na nuna mata hoton nan naka, kife wayar ta yi a kan tabarma ta fita.

Ranar da na gane abin ya yi nisa, motar sojoji ce ta tsaya a bakin makaranta, ɗayansu ya sauko da jarka zai ɗebi ruwa a famfonmu. Kafin in juyo daga allo aji ya watse. Wasu ta taga, wasu ƙarƙashin benci, kuma ba wanda ya yi ko tari, balle kuka. Bawan Allahn nan ya tsaya da jarka a hannu kamar wanda aka kama yana sata. Kai na tuna, raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na ce to, tunda akwai darasin kishin ƙasa a manhaja, bari mu yi shi da hannunmu, mu huta da rera taken da ba su san ma'anarsa ba. Na sa kowa ya kawo aya ko gyaɗa, muka daka dakuwa don sojojin da ke shingen bakin gari. Rabinta ta tafi cikin masu mulmulawa. Da muka kai sauran, ogansu ya yi godiya sosai, sannan ya ce doka ta hana su cin abincin da ba daga wurinsu ya fito ba. Kai da kake soja, me ya hana ka taɓa gaya mini haka? Koda yake ban ga laifinka ba, ban taɓa ganin an miƙo maka dakuwa ka tuna da doka ba. Haka muka juyo da farantinmu, yara suka ƙarasa ta a hanya.

Hedimasta kuwa cewa ya yi a sake zuwa, amma a tafi da mai hoto, a ɗora duniya ta san makarantarsa. Fuskokin 'ya'yan mutane a gefen soja, a garin da ba ka san wanda ke kai rahoto daji ba! Na ƙi. Ya ce ba ni da hangen nesa, na haɗiye amsata saboda ina son aikina.

Daga nan muka koma saƙa mafici da kaba. Duk a karkace suka fito, amma wannan karon an karɓa. Wani soja da ko Hausa bai iya sosai ba ya durƙusa daidai tsayinsu, ya cire hula, ya ce, "Na gode, yara na." Walida daga bayan zanena ta miƙa nata, amma dai ta miƙa. Tun daga ranar, idan motarsu ta wuce, 'yan ajina sai su tsaya su ɗaga hannu suna sannu da aiki. Ni kuwa ina ta jin kaina, na ce na gyara yara.

Sai ga Ladi, uwar wani ɗan ajina, wadda ta baro Kakangi da 'ya'ya ba miji. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, ni gudu na koya masa, kuma da gudun nan ya kawo yau. Ke kin koya masa ya tsaya ya ɗaga hannu. In na daji ne fa?"

Auta, gaskiya ta faɗa. Amsar ba ta cikin manhaja, ba ta wurin Hedimasta, kai kuma da zan tambaya wayarka a kashe. Washegari na gyara darasin da kaina. Na ce a cikin gari, a shinge, a gaban manya, a gaida soja a yi masa addu'a, don dominmu ya bar gidansu. Amma a hanyar gona ko bayan gari, duk wanda aka gani da kaki, a gudu, kada a tsaya duba fuska. Ka ji kishin ƙasar da nake koyarwa, ni 'yar'uwar soja, da bakina.

Muna komawa gida Walida ta ja mini hannu ta ce, "Gwaggo, in Abbana ne fa?" Ka san gidanmu shi ne na ƙarshe ta hanyar gona. Ka kuma san halinka na hawo babur ka ɓullo ta baya don ka ba mutane mamaki. Kaki, babur, hanyar gona, haka su ma suke zuwa. Na dubi yarinyar nan mai goshinka da idanunka, na ce mata, "Ko shi ne, ki gudu."

Saboda haka ka ji maganar yayarka ko sau ɗaya. Ka sauka a tasha, ka kira ni. Ka sa kaftani, ka ninke kakin a jaka, in ya so daga baya ta gan shi a kan igiyar shanya, ta taɓa shi da hannunta. Ta yi kewarka, Auta. Kullum sai ta tambaye ni ko an kusa girbi.

In kuwa taurin kanka ya motsa ka zo yadda ka ga dama, kuma ta gan ka ta arce, don Allah kada ka bi ta, kada ka ƙwala mata kira. Ka zauna a dakali ka jira. Ba ƙin ka ta yi ba, maganata ta ji, kuma ba zan janye ta ba ko don kai.

Allah ya tsare ka gaba da baya, kai da duk wanda ke tsaye a rana dominmu. Allah ya dawo da kai da ƙafafunka, ya nuna mana lokacin da 'yar soja za ta hango ubanta ta ruga wurinsa.

Yayarka mai yi maka faɗa, mai yi maka addu'a,
Gwaggon Walida.