Jinkar Rumbun Baba

Yaya Isufu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aiki? Ya sanyin Tamanrasset, ya ƙafar taka? Mu nan Falanko lafiya lau, Baba ma da sauƙi. Ni ce dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Mun zuba hatsi a rumbu, an gama sabuwar jinka, saura ɗagawa. Kwana tara tana ƙasa awaki na cin bakinta, don an rasa maza shida masu ƙarfi a unguwarmu. Na bi gida gida: wannan yana Agadas, wancan Jado, wancan Libiya. Kuma wai ƙaruwa muke yi! Gaskiya ne, lakwal ta cika da ɗalibai har an kafa musu rumfar zana, bikin suna kuwa kusan kowane mako. Amma duk garin daga yara sai tsofaffi sai mu mata.

Ran Laraba na gaji, na kira mata. Baba ya ce, "Hajara, ba a taɓa yin haka ba." Na ce, "Baba, gara ba ta san wannan ba." Mu takwas muka ɗora ta. Ta ɗan karkace. Baba ya daɗe yana kallon ta, ya shige ɗaki.

Ka gaida su Mamman, ku sa mu a addu'a. Ka faɗa mini watan da za ka zo, kada ka ce "in an jima".

Jinka mun iya, Yaya. Makara ce ba za a bar mu mu ɗauka ba.

Ƙanwarka,
Hajara