Ni na sa mata kofi a madara

Salam Admin, sannu da ƙoƙari. A ɓoye sunana don Allah, masu kwamen kuma ku yi min a hankali, na riga na zagi kaina.

Ni ɗan Suleja ne, keke nake ja. A gidanmu goro da kofi kamar ruwa ne. Kakana da goro a baki yake gyangyaɗi, ni ma in shanye kofi leda uku in yi minshari. Yarinyar da nake so, bari in ce mata Hauwa, ta sha gaya min su a gidansu ba sa taɓawa, mamarta ko goron ɗaurin aure aka ba ta sai ta bayar. Ni kuwa tsokana: "Hajiya ajebo 'yar gata, kofi ne fa, ba fiya-fiya ba."

Ranar da za ta intabiyun aikin koyarwa a Abuja na kai ta tasha, sai hamma take. Na ce wa mai shayi ya haɗa mata madara, na ƙifta masa ido ya juye kofi leda biyu. Ta kurɓa ta ce, "Yaya, ya da ɗaci?" Na ce sabon cakulan ne, ke dai baƙauya ce. Wallahi so nake ta wartsake, anjima in yi mata dariya in ce ga shi ba ki mutu ba.

A gaban masu intabiyun zuciyarta ta kama bugawa, ko sunan makarantarsu ta kasa faɗa. Wata nas a layinmu a Kwamba ta ce min jure kofi abin gado ne, wani jikinsa na saurin narkar da shi, wani kuma ya wuni a jininsa. To wa ya aike ni?

Baban Hauwa ciwon zuciya ne ajalinsa. Yanzu ta sa a ranta shi ne ya fara mata. Wata biyu ke nan, ta rame, ta daina neman aiki. Shekaranjiya ta ce, "Yaya, ka nemi mai lafiya, ba zan zame maka jinya ba. Kai kaɗai ka tsaya min, na gode." Ni take wa godiya!

In na faɗa, ta san lafiyarta ƙalau, amma ba za ta ƙara kallona ba. In na yi shiru, tana nan tana jiran mutuwar da babu ita.

Jama'a, me zan yi?